Abin da Mama Ta Bari a Kwaja

Muna idar da sallar asuba muka bar Jimeta, ni da abokin aikina, ranar Talatar makon jiya. Tun da na dawo kun ji ni shiru, har wasunku suna tambaya ko wayata ce ta lalace. Waya lafiyarta ƙalau, jama'a. Ni ne dai bakina ya yi nauyi, domin na yi ɓarna a tafiyar nan, irin wadda ba a gyarawa, kuma sai yau na iya zama in ba ku labari.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, maigidana yana da wata mota mai ɗaki da ya saya gwanjo a hannun wasu Turawa da suka gama aikinsu suka koma ƙasarsu. A cikinta akwai gadaje biyu, da murhun gas, da firji, da ɗan ban ɗaki, da tankin ruwa, ga sola a kan rufi. Haya yake ba da ita ga masu son kwana a daji ko a kan dutse, kamar masu ɗaukar fim da masu taron addu'a da 'yan siyasa lokacin kamfe. Nawa aikin shi ne in kai ta inda aka ce, in kafa ta, in nuna musu yadda ake kunna wannan a kashe wancan, in koma gefe, ranar da suka gama in ɗauko ta. Shekara huɗu ina wannan aiki, kuma ban ɓoye muku ba, ina ji da kaina a kansa.

Wanda ya ɗauki hayar wannan karon wani injiniya ne mazaunin Jos, ɗan asalin wani ƙauye a gefen Kwaja, can bayan Mubi. Ba don kansa ya ɗauka ba, don mahaifiyarsa ce. Tun shekarar da 'yan ta'adda suka kawo hari aka yi gudu ba ta sake taka ƙauyen ba. Gidan an ƙone shi, mijinta ya rasu a Jos, ita kuma ciwon suga ya cinye mata ido. Ya ce mini a waya ta tasa su gaba sai an kai ta ta kwana biyu a tsohon gidanta, wai akwai abin da ta bari a can, kuma likita ya ce in dai za a yi tafiyar to a yi ta yanzu. Babu ɗakin da ya rage a gidan, shi ya sa ake neman motarmu. Na tambaye shi faɗin hanya, na tambaye shi ko akwai ruwa kusa, na tambaye shi ko wurin gangare ne. Abin da ta bari ɗin kuwa ban tambaya ba, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Muka shirya mu riga su zuwa da kwana ɗaya, su iso su tarar da komai a kafe.

Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba, ruwa ya cika ya batse, 'yan kwalekwale suna ta kai da komo a ƙasa. Daga Girei zuwa Song hanya ta yi mana kirki jefi-jefi. Inda ta ga dama sai ta zama ramuka zalla, kuma motarmu ba ta son rami ko kaɗan. Kowanne muka faɗa sai ka ji tukwane da cokula suna rigima a baya. Abokin aikina, bakanike ne da ya girme ni nesa, ba ya magana sai dole, duk ramin da na faɗa sai ya ce "Hm." Kafin Song na daina ƙirga "hm" ɗinsa.

Damina ta zo ƙarshe, ko'ina shar. Dawa ta fid da kai amma ba ta nuna ba, gyaɗa kuma an fara cira, ga ta nan an shanya a bakin titi, mata suna kora awaki. A Gombi muka tsaya karin kumallo. Mai shayin ya zuba mana madara kamar yana ɗiga maganin ido, ƙosan kuma ya ƙanƙance har abokin aikina ya ɗaga ɗaya ya duba shi ta kowane gefe kafin ya ci. Ba laifin mai ƙosai ba ne, wake da mai sun yi tashin da kowa ya sani. Man dizal ma da muka ƙara a nan, kuɗin da a da yake cika mana tanki yanzu ko rabi bai kai ba.

Shingayen jami'an tsaro ba su da iyaka a hanyar nan, kuma kowanne sai mun tsaya, ba don takarda ba, don kallo. A wani shinge bayan Hong wani soja ya shiga, ya buɗe firji, ya buɗe ban ɗaki, sannan ya zauna a bakin gado ya danna katifar da hannu. Ya daɗe a zaune. Da ya tashi sai ya ce rabonsa da katifa irin wannan ya manta, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Na so in yi dariya, sai kuma dariyar ta ƙi zuwa.

Daga Mararraba duwatsu suka fara matsowa kusa da titi. Har yanzu akwai gine-ginen da ba a sake rufawa ba, bangon a tsaye, ciyawa ta fito ta taga. Kusa da su kuma sababbin shaguna, an shafa fenti mai ihu. Mun shiga Mubi ana kiran azahar, cikin hayaniyar keke da tirelolin shanu da 'yan canji masu kaɗa sefa a hannu. Ko'ina Hausa ake yi, amma Hausar Mubi ce, mace ma "ya zo" ne, ga Fulatanci yana shiga yana fita. Muka yi salla, muka ci tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa a wata rumfa kusa da tasha. Wallahi miyar nan ita ce abu mafi daɗi da ya same ni a duk tafiyar.

Bayan gari kwalta ta ƙare, muka hau jar hanya mai hawa da sauka. Can gaba muka tarar da wani ɗan mayo, wato rafi, ruwan bai wuce ƙauri ba amma ƙasan yashi ne mai laushi. Masu babur suna ta wucewa abinsu. Wani dattijo da ke wanke fartanya ya dube mu ya ce, "Wannan mota babba ne, ba zai haye ba." Na ce masa na haye waɗanda suka fi wannan. Muna kaiwa tsakiya tayoyin baya suka nutse.

Akwai wasu guntayen katako masu kauri da muke tafiya da su, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin jak in za a kafa motar. Su muka ciro muka cusa a ƙarƙashin taya. Mutane suka fito daga gonaki, babu wanda ya kira su, suka sa kafaɗa, har da dattijon, kuma bai ce mini "na gaya maka" ba. Da ƙyar muka fita. Katako biyu sun tsage, sauran taya ta binne su cikin yashi. Abokin aikina ya ce mu tsaya mu tono su. Na dubi hadarin da ke haɗuwa a kan dutse na ce masa ya bari, inda za mu duwatsu kamar banza. Ya ce, "Hm."

Da la'asar muka isa. Ƙauyen a kafaɗar dutse yake, gonakin an yi musu matakala da duwatsu tun kakanni. Wanda ya tarbe mu maƙwabcin gidan ne, wani dattijo Musulmi mai farin gemu, wanda ya dawo bayan gudu ya sake rufa ɗakunansa. Shi injiniya ya bar wa amanar wurin, kuma shi yake shuka gyaɗa a cikin kangon don kada ya zama daji. Ya nuna mana. Gidan babu abin da ya rage sai guntun bango iya gwiwa, baƙi ƙirin ta ciki, da gindin rumbu biyu, da wata kuka a bakin inda ƙofa take a da. Ya ce bari ya je ya sa a ɗebo mana ruwan tanki, ya yi salla ya dawo.

Kafa motar nan ba ajiyewa ba ce kawai. Dole ta tsaya daidai, ba karkata. Firjinta da gas yake aiki, in ta karkata ba ya sanyi, kuma a cikinsa za a sa allurar sugar tsohuwar. Akwai jak huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, sai ka sauke su kana duba ma'aunin nan irin na magina mai ɗigon iska a ciki, har ɗigon ya tsaya a tsakiya. Tsakar gidan gangare ce, kusurwar baya ta hagu tana lilo, ga ƙasa ta sha ruwa, jak sai nutsewa yake. Katako babu. Uku muka samu ƙananan duwatsu muka tallafa. Na huɗun yana bukatar babba mai faɗi.

Na zaga cikin kangon sai na hango shi, kusa da guntun bango. Dogon dutse ne, bayansa shimfiɗe, ya ɗan nutse a ƙasa. Na lura an yi kunyoyin gyaɗa sun kewaye shi ba a taɓa shi ba, amma abin da ya zo mini shi ne nauyi ya hana a ɗauke. Muka sa ƙarfen cire taya muka ɓanɓaro shi, muka kinkime shi yadda yake, ba mu juya shi ba, cikinsa duk laka ta cika. Abokin aikina ya ce, "Wannan dutse kamar an sassaƙa shi." Na ce masa to Allah ya saka wa masassaƙin, ya hutar da mu. Muka sa, na sauke jak a kai, ɗigon iska ya tsaya cak a tsakiya. Har hoto na ɗauka.

Aka kawo ruwa a jarkoki muka cika tanki. Muna zuba ta ƙarshe na ji ƙas, ƙara guda ɗaya, daga baya. Na leƙa na ga dutsen ya tsage amma yana riƙe, ma'auni bai motsa ba. Ban ƙara tunaninsa ba. Muka buɗe rumfa, muka kunna firji, muka shimfiɗa zannuwan gado, na gwada fitilu da famfo. Da dattijo ya dawo ya zaga motar ta gaba yana ta mamaki, ya leƙa ciki ya ce ko ɗakin amarya sai haka. A zaurensa muka kwana, matarsa ta yi mana tuwo.

Washegari da hantsi suka iso a wata ƙaramar mota. Injiniya ya fito, dogon mutum mai tabarau, ya buɗe wa mahaifiyarsa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, sanye da zanen zumuntar matan coci da ya koɗe, ta rungume wata tsohuwar jaka a ƙirji. Dattijo da matarsa suka zo, tana jin muryarsu ta kira sunayensu. Matan biyu suka riƙe juna suna kuka suna magana da yarensu, ni ban ji ko kalma ba, ban kuma bukaci ji ba.

Na matso da ladabi in nuna mata motar, na ce, "Mama, sannu da hanya. Ga ɗakinki nan an gyara." Ta ce, "Sannu, ɗana, Allah ya yi albarka. Ɗaki zai jira." Ta ce a kai ta gindin kuka. Ta dafa kukar da tafin hannu, ta juya ta fuskanci dutse, ta fara tafiya tana ƙirga taku, ɗanta yana riƙe da gwiwar hannunta. Ta wuce ta gefen motar, ta kai guntun bango, ta tsaya. Ta ce nan ne madafinta, a duba, dutsen niƙanta yana nan a kife.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Inda take nunawa da ƙafa babu komai sai sabon gurbi a ƙasa, da sawun ƙarfen cire taya. Dattijo ya dubi gurbin, ya dube ni. Abokin aikina ya sunkuyar da kai. Injiniya ya bi idon dattijo har ƙarƙashin mota, ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai miƙe ba. Ya ce wa mahaifiyarsa ciyawa ta rufe wurin, ta zauna a inuwa tukuna a nema. Matar dattijo ta ja ta zuwa ƙarƙashin rumfa.

A bayan mota dattijo ya ba ni labarin, muryarsa ƙasa-ƙasa. Dutsen uwar mijinta ce ta ba ta ranar da ta tare, a kansa ta yi niƙan da ta ciyar da 'ya'ya bakwai. A wajensu mace in za ta yi tafiya mai nisa takan kife dutsenta, don kada ruwa da ƙasa su ɓata cikin, kuma duk wanda ya gan shi a kife ya san mai shi za ta dawo. Safiyar da aka ji harbi tana cikin niƙa. Kowa yana ta kansa, ita ta tsaya ta kife dutsen nan ita kaɗai, sannan ta bi mutane kan dutse. Dattijon ya ce shekara da shekaru yana noma wurin, ko fartanya bai bari ta taɓa shi ba. Ya ce, "Laifina ne, da na gaya maka." Wannan magana ta fi zagi ciwo, domin shi ba shi da laifin komai.

Injiniya kam bai rufe ni da faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malam, duk duwatsun da ke kan dutsen nan?" Can ya ce tun da ba ta gani, a kawo dutsen niƙan matar dattijo a sa a gurbin, kada a gaya mata. Dattijo ya girgiza kai, amma bai hana ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, har wani sanyi na ji a raina, na ce ga mafita. Ni da abokin aikina muka je muka kinkimo shi, muka kife a gurbin, har ƙasa na tura a gefe-gefe don ya yi kamar ya daɗe. Wannan ita ce ɓarnata ta biyu, kuma ita da sanina na yi ta.

Aka kawo ta. Ta durƙusa da ƙyar, aka juya mata dutsen. Ta buɗe jakar nan da take rungume da ita ta ciro wani abu a naɗe cikin tsumma. Ɗan dutsen ne, na sama, wanda ake murzawa da shi. Ashe yana hannunta ranar da ta gudu, ba ta ma san ta tafi da shi ba sai a kan dutse, kuma tun ranar yana tare da ita, har Jos. Ta ce ba wani abu take so ba, ta niƙa dawa tafi ɗaya a dutsenta, a dama mata kunu ta sha a gidanta. Tana murmushi ta ɗora tafin hannu a cikin dutsen ta shafa daga sama zuwa ƙasa. Ta sake shafawa. Murmushin ya tafi.

Ta ce, "Wannan na mai hannun dama ne. Ni bahaguwa ce, nawa ya ci ta hagu." Ta juya wajen da take jin numfashin maƙwabciyarta ta ce, "Naki ne, na sha yin niƙa a kai." Sannan ta ce, "Ina nawa?"

Injiniya ya fara cewa, "Mama, wataƙila ruwa ne ya..." sai ya kasa ƙarasawa. Ni dai na ji ba zan iya tsayawa ina kallon makauniya a durƙushe ana yi mata ƙarya a gidanta ba. Na durƙusa gabanta na ce, "Mama, ni ne. Jiya na ɗauke shi ban sani ba, na sa a ƙarƙashin mota, ya fashe. Wannan ma ni na kawo shi. Ki yafe mini don Allah." Sannan ta ce a ciro mata shi.

Muka nemo wasu duwatsu, wannan karon sai da na tambayi dattijo a kan kowanne, muka tallafi motar, na ɗage jak. Gida uku ya fito. Da muka juya shi na ga abin da ya sa ya fashe, cikinsa ya rarake saboda niƙan shekaru, tsakiyar ta yi siriri, nauyin mota kuma a kan tsakiyar na ɗora. Muka jera mata guntayen a gurbinsu. Ta sa yatsu ta ƙwaƙule lakar tas, ta bi tsagar da ɗan yatsa daga farko har ƙarshe, ta shafa wajen hagu inda ya fi zurfi. Ta ce, "Shi ne."

Maƙwabciyarta ta kawo dawa a ƙwarya. Tsohuwa ta zuba kaɗan, ta ɗora ɗan dutsen ta tura. Guntayen suka buɗe, dawar ta zube ta cikin tsaga. Ta tattara ta sake, suka sake buɗewa. Abokin aikina ne ya fara durƙusawa ya kama gefe ɗaya ya danna da gwiwa, ni na kama ɗayan, muka matse su iya ƙarfinmu. Haka ta yi niƙan, mu biyu muna riƙe, ita tana turawa da hannun hagu a gaba, tana wata 'yar waƙa da yarensu can cikin maƙogwaro. Duk turawa ina jin ta a ƙashin hannuna. Rabi yana zama gari, rabi yana bin tsaga ya shige ƙasa. Ba ta daɗe ba numfashinta ya fara sama-sama. Abin da ya taru bai cika tafi ba, kuma duk tsakuwa. Ta ɗanɗana da harshe, ta karkaɗe hannu, ta ce, "Ya isa." Ba a dama kunun ba.

Na sake cewa ta yafe mini. Ta ce, "Na ji, ɗana." Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da yamma ma sai da ta tambaya ko an ba masu mota abinci.

Sauran yinin na yi aikina kamar yadda na saba. Na nuna wa injiniya yadda ake kunna murhu da inda ake kashe gas, da yadda ake zuba ruwa a ban ɗaki, yana cewa to, to, ba ya duban fuskata. Firji ya yi sanyi, an sa allura. Mota ta yi duk abin da aka ɗauko ta ta yi. Tsohuwar ta wuni a ƙarƙashin rumfa, mutanen ƙauye suna zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wane da wance, rabinsu ana ce mata sun rasu ko ba su dawo ba. Da magariba aka ɗan yi yayyafi, aka shigar da ita.

Kwana biyu aka shirya, amma da safe ta ce a haɗa kaya, ɗaya ya ishe ta. Ɗanta ya lallashe ta ta ƙi. Muna naɗe rumfa ta ce a kai ta madafi ta yi sallama. Dattijo ya sunkuya zai kife guntayen kamar yadda suke a da. Ta ji ƙarar dutse ta ce, "Me kake yi?" Ya ce zai kife mata ne. Ta ce, "A'a, bar shi a buɗe." Ta ciro ɗan dutsen daga jaka, ta lalubi tsakiya ta ajiye shi a kai, ta ninke tsumman ta mayar cikin jaka. Maƙwabciyarta ta fashe da kuka, dattijo ya juya baya. Ni ma na gane abin da ake nufi, ba sai an fassara mini ba.

Su suka fara tafiya. Mu muka ɗage jak, muka zubar da sauran ruwan tanki don mota ta yi sauƙi, muka gangaro. Mayo ya janye, mun haye ba wahala. A Mubi abokin aikina ya ce mu tsaya mu ci tuwon nan, na ce ya ci, ni ba na jin yunwa, sai shi ma ya fasa. Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, ramukan suna nan inda muka bar su, amma ban tuna mun yi wata magana ba har Song. A nan ne ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi ma ya ga kunyoyin da suka kewaye dutsen, kuma da hannunsa aka ɗauka. Na san don ya rage mini nauyi ya faɗa, Allah ya saka masa, amma bai ragu ba.

Mun shiga Jimeta bayan la'asar ranar Alhamis. Maigida ya zaga mota ya duba ciki da waje, ya ce madalla, ko ƙwarzane babu. Na ba shi labari, ya ce Allah ya kyauta, dutse ne ai, a sayo mata wani a kasuwa. Ban yi masa musu ba, domin ranar Talata ni ma abin da zan ce ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Mu masu kai kaya wuraren mutane mukan iso da gaggawa, idonmu a kan aikinmu kawai, duk abin da muka tarar a ƙasa muna ganin ba shi da mai shi. Kango ma gidan wani ne. In ka ga abu a ajiye an kewaye shi ba a taɓa ba, to akwai dalili, ka tsaya ka nemi wanda ya sani, ko da hadari ya haɗu, ko da za ka kwana ba ka gama ba. Tambayar da ba za ta ci mini minti ɗaya ba ce na ƙi yi.

Shekaranjiya na daure na kira injiniya in ji yadda suka sauka. Ya amsa, har ya gaishe ni da mutunci. Ya ce sun isa lafiya, Mama tana cin abinci, tana shan magani. Sai ya ce shekara sama da goma babu safiyar da ba ta ce musu a mayar da ita gida ba, har sun gaji da ji. Tun da suka koma, in ji shi, ba ta sake faɗa ba.